Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Tsaro: abokina na kwance, da karo-karo muke wanke masa ƙoda

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ni tsohon soja ne, ba zan ɓata maka lokaci da doguwar gaisuwa ba, don ina rubuta wannan ne a waya ina zaune kan tabarma a barandar wani asibiti, abokina na ciki an jona masa injin wankin ƙoda.

Sunansa dai zan sakaya, don mutum ne mai kunya, da ya san zan rubuta da ya hana ni. Mun haɗu a Depot ta Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, a 1988 muna kurata, an yi mana ƙwal-kwabo rana ɗaya, gadonsa na kusa da nawa. Shi mutumin ƙasar Zuru ne kuma Kirista, ni Musulmi, amma wallahi ban taɓa jin wannan ya shiga tsakaninmu ba. Tare aka loda mu a jirgin ruwa zuwa Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, muka sauka tashar jirgin ruwa ta Monrovia a watan Agustan 1990 mutanen madugun 'yan tawaye Charles Taylor na ruwan wuta. Tare kuma muke a Saliyo lokacin da 'yan tawaye suka shigo Freetown ranar 6 ga Janairun 1999. Cikin azumi ne, ba zan manta ba, shi ke tashina sahur ya ajiye min rabin abincinsa. A wannan faɗan ne wani ɓarɓashin ƙarfe ya shige min cinya, na ce masa ya tafi ya bar ni, ya zage ni tas ya saɓa ni a kafaɗa ga bindigarsa ga tawa, har inda motar asibiti take. Duk ɗan da na haifa bayan wannan rana, bayan ikon Allah, to albarkacin mutumin nan ne.

Yau shi ne a kwance. Hawan jini ne ya fara, sai suga, sai ƙodar ta tsaya gaba ɗaya. Likita ya ce a ƙalla wanki biyu a sati, mu kuwa ɗaya muke iyawa, wani satin ma sai mu tsallake, ƙafafunsa su kumbura kamar turmi, numfashi ya gagara, ya kwana a zaune matarsa na yi masa fifita. Muna da katin inshorar lafiya, an ce mana da shi tsohon soja ba zai sha wahalar magani ba. Na kai katin da hannuna, aka ce sai an turo lambar amincewa, na jira, na buga waya har katin wayata ya ƙare, na hau mota na je wani ofis aka tura ni wani, daga ƙarshe wani yaro da bai kai sa'an ɗana ba ya ce min baba ka yi haƙuri wannan ciwon fa sai dai ku nemi kuɗi. Ban ga laifin yaron ba, abin da ke takardar gabansa ya karanta min.

To wa ya rubuta takardar, ranka ya daɗe?

Abin da ke riƙe da shi yanzu shi ne 'yan kwas ɗinmu, waɗanda aka horar da mu tare a Depot. Muna da guruf a WhatsApp, duk wata in alat ɗin fansho ya shigo kowa ya tura abin da ya samu, wani dubu biyu wani dubu biyar, akwai wanda ke gadi a Legas da tsufansa, akwai wanda shi ma sanda yake dogarawa, akwai matar wani abokinmu da ya rasu wadda ƙosai take soyawa amma ba ta taɓa fashi ba, ta ce da mijinta na raye da shi zai fara bayarwa. An sayar da babur ɗinsa, an sayar da filin da ya saya da kuɗin sallama. Kwanaki ya riƙe hannuna ya ce samanja a mayar da ni gida kawai in mutu cikin dangi, kuna ƙarar da abincin 'ya'yanku a kaina. Na ce masa kai da ka ƙi barina a Freetown ne za ka ce in bar ka a nan? Ya juya fuska bango, ni ma na fita waje don kada ya ga idona.

A Depot aka koya mana ba a barin ɗan'uwa a filin daga, ko gawarsa ce sai an ɗauko. Mu mun riƙe wannan, da ɗan fanshon da bai kai mu ƙarshen wata ba muke riƙe da shi. Ina tambayar ƙasar da ta koya mana, ita ina nata riƙon?

Duk 15 ga Janairu muna kallonku a talbijin, a ajiye furanni a Abuja, a saki fararen tattabaru, a sa bajen tunawa da 'yan mazan jiya a ƙirji, a ce ba za a manta da mu ba. Mun yarda da maganar, shi ya sa take mana ciwo. Mun kuma karanta a jaridu cewa sabbin ƙa'idojin aikin soja da aka sa wa hannu a Disambar 2024 sun ware wa manyan janar-janar masu ritaya kuɗin magani har dala 20,000 a shekara. Ba na musu baƙin ciki, sun yi wa ƙasa aiki, wasunsu ma a ƙarƙashinsu muka yi yaƙi muna alfahari da su. Amma jinin kofur da na janar kala ɗaya ne, kuma a wannan watan na Disambar 2024 ne tsofaffin sojoji suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suna neman haƙƙinsu, suka sake komawa a Janairun 2025. Ka san wannan, ba sai na tuna maka ba.

Na ji gwamnati ta rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya, Allah ya saka, abu ne mai kyau. Sai dai ba ko'ina ba ne, mu inda muke babu, kuma mutumin da ba ya iya takawa zuwa banɗaki ba za ka ɗora shi a mota awa huɗu duk sati ba.

Don girman Allah, ranka ya daɗe, roƙona ɗaya ne. A sa wankin ƙoda da manyan cututtukan tsufa cikin abin da katin tsohon soja zai ɗauka kai tsaye, a kowane asibitin gwamnati mafi kusa da shi, ba tare da jiran lamba ba in rai na hannun Allah. A rubuta shi a takarda a manna a bango, yadda ko matar soja da ba ta yi boko ba za ta nuna da yatsa ta ce ga shi. Maganar ariyas, wato bashin haƙƙinmu da muke bin gwamnati, da ta zawarawan da ake ta kora daga wannan tebur zuwa wancan suna nan, wata rana ma yi su.

In kana son ka tabbatar, ba sai an kafa kwamiti ba, ka turo mutum ɗaya ya zagaya ɗakunan wankin ƙoda ya tambayi tsofaffin da ke zaune a baranda aikin da suka yi a da. Ni zai same ni a nan ranar Alhamis, ita ce ranar wankinsa na gaba, kuma kuɗin da ke asusun guruf ɗinmu na wannan ranar ne kaɗai.

Naka,
Wani tsohon samanja, ɗan ECOMOG.