Matasanmu na Legas su nemi takardar shaidar kula da kicin

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon fili mu ja hankalin matasanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12. Asibitoci, makarantun kwana da kamfanoni a Legas kullum suna neman masu kula da kicin, amma iya girki kaɗai ba ya sa a ba mutum wannan kujera. Takarda ake tambaya.

Wanda ya gama sakandare zai iya neman ƙaramar difloma (ND) a fannin kula da otal da abinci a kwalejin fasaha ta Yaba, shekara 2, sannan babbar difloma (HND). Wanda ba shi da wannan lokacin ya nemi gajeren kwas a NIHOTOUR, cibiyar koyar da harkar otal da yawon buɗe ido ta ƙasa. Kafin a fara aiki kuma sai an yi gwajin lafiyar masu taɓa abinci, ana sabunta shi duk wata 6.

Abin da ake koyarwa yana da nauyi. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa cikin abinci idan zafinsa yana tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Celsius, don haka shinkafar mutum 300 da aka bari a rufe cikin katuwar tukunya ta huce a hankali tana iya kwantar da ɗalibai da gudawa. Sai a raba ta cikin faranti marasa zurfi, ta shiga firiji kafin awa 2. Idan wuta ta ɗauke, dole a duba zafin firiji a rubuta. Akwai kuma lissafin sito: kayan da suka fara shigowa su ake fara ɗauka, kuma a san kuɗin kowane kwano kafin a sa hannu kan kwangila.

Iyaye da sarakunan Hausawa, don Allah a taimaka wa yaran da kuɗin rajista.

Naku,
Wasu masu harkar abinci, Agege, Legas