Rahoton Ayyukan Shekara: Waɗanda Muka Karrama da Itatuwan da Suka Rayu

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, alhazai da hajiyoyi, matasan Aboabo, Asawase da Sabon Zango, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta yi a shekarar da ta ƙare. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi daban, don haka ba zan taɓa wannan ba sai inda ya zama dole.

Bikin karramawa shi ya fi cin lokacinmu, shi ya fi jawo gardama a kwamiti. A da mun saba mu gayyato mai hannu da shuni, a miƙa masa lambar yabo, ya yi alkawari, a ɗau hoto, a watse. Bana aka ce sai wanda idon unguwa ya ga aikinsa shekara guda cur. Wasu dattawa sun ce idan manya ba su hau teburi ba, gudummawa za ta ragu. Sun yi gaskiya, ta ragu. Amma wurin ya cika har mata suka shimfiɗa tabarmi a waje. Mutum huɗu muka karrama, kuma duk kun san su, ba sai na kama suna ba.

Na farko shi ne baban nan namu mahauci. Duk wanda ya girma a Kumasi ya san yadda ungulaye ke jeruwa a kan kwanon mayanka da juji kamar masu jiran rabo. Yau sai ka yi sati ba ka ga ko ɗaya ba. Tun 2015 aka sa irin ungulun da ke zama cikin garuruwanmu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, saboda haka kowace aka kashe, cike gurbinta aiki ne. Kuma kada mu ɓoye wa juna: masu sayen kai da ƙafar ungulu don haɗa magani, da yawansu namu ne. Wata safiya Baba ya tarar da yara biyu sun cusa ungulu a buhu, ƙafarta ɗaure da igiyar leda, za su kai wa mai saye. Bai dake su ba, bai kuma saye ta ba, don ya san in ya biya gobe za su kawo biyu. Sai ya ce, "'Ya'yana, wannan ma'aikaciyarmu ce, ba ta karɓar albashi. Ku kai ni wajen babanku." Daga nan ya bi rumfunan mahauta ɗaya bayan ɗaya har aka yarda ba mai taɓa ungulu a harabarsu. A wajen bikin wani malamin makaranta ya ƙara mana haske da labarin Indiya, inda maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe ungulaye a shekarun 1990, mushe ya rasa mai ci, karnukan juji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Ashe karin maganar nan ta ungulu ba ki jewar banza ta fi yadda muka ɗauke ta nauyi.

Ta biyu ita ce Hajiya mai waakye (shinkafa da wake) ta bakin makaranta, kuma labarinta ba ya rabuwa da na dashen itatuwa, wanda dole in faɗi gaskiya a kansa. Tun da aka fara ranar Green Ghana a 11 ga Yuni 2021, da burin dasa itace miliyan 5 a faɗin ƙasa, ba damina da ta wuce ba mu karɓo iri ba. Dasawa ba ta da wuya. Bana mun zaga mun duba abin da muka dasa, sai muka tarar mafi yawa awaki sun cinye ko hunturu ya busar, domin mun dasa mun juya baya. Layin da ya rayu gaba ɗaya shi ne na gefen teburin Hajiya. Ta kewaye kowane mangwaro da madaci da tsohon kwando, kuma kullum ruwan da ta wanke shinkafa da wake a gindinsu take juyewa, tun daga Disamba har ruwa ya sauka. Ga shi har yanzu a ganye take ƙunsa wa mai saye abinci, sai wanda ya nace take ba shi leda. Daga yanzu rahotonmu zai riƙa ƙirga itacen da ya shekara ne, ba wanda aka tura a rami ranar biki ba.

Na uku ƙanenmu ne mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Yana kwashe bola gida-gida, yana ware ledar fiya wata ya sayar, kuma an shaide shi ba ya cikin masu juye kaya a rafin Aboabo da tsakar dare, ko da kuwa hakan ya fi sauƙi, ya fi riba.

Na huɗu Batone ne, wato ɗan ƙabilar Ashanti, mai gadin daji a Owabi, kuma a kansa ne aka fi kai ruwa rana, wai ai ba ɗan Zango ba ne. Mun san shi ne lokacin da muka kai ɗaliban makarantun Islamiyya can. Madatsar Owabi tun 1928 take, ita da ta Barekese ke shayar da Kumasi, kuma a 1988 aka sa wurin cikin dausayin da duniya ta amince a kare ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Ya nuna wa yaran birai da tsuntsaye, sannan ya kai su bakin ruwa ya nuna musu robobi da ledojin da rafukan gari suka kwaso suka tara. Yaran suka yi tsit. Mutumin da ke tsare ruwan da muke alwala da shi, ina ruwanmu da yarensa?

Wani matashi ya tuna mana cewa ɗan ƙasar nan, Chibeze Ezekiel, ya ci lambar Goldman ta masu kare muhalli a 2020 saboda gwagwarmayar hana gina tashar wutar kwal a Ekumfi. Tamu kyautar ba ta kai can ba: turmin atamfa, buhun shinkafa da takardar shaida. Addu'ar da Liman ya yi musu ita ta sa Hajiya hawaye.

Sauran ayyuka a taƙaice. Mun yi gayyar yasar kwata kafin damina, maza sun yi ƙaranci, mata ne suka fid da mu kunya. Mun roƙi limamai su sanar a masallatan Juma'a cewa daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta, domin lokacin haihuwar namun daji ne, kuma da dama sun haɗa da hadisin da ya ce duk abin da tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga dashen Musulmi sadaka ce a gare shi. Taron da muka shirya kan galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da halin da kogin Offin ke ciki bai yiwu ba, mun ɗage shi zuwa bayan Sallah.

Shekara mai zuwa kowane itace zai sami mai riƙonsa da suna kafin a haƙa rami. Wanda ke da mutumin da yake son a karrama ya kawo wa kwamiti tare da shaidu biyu daga unguwar. Masu bashin kuɗin wata kuma, Ma'aji na zaune a bakin ƙofa da littafinsa.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, Kumasi