"Allah ƙara basira" ba ya gyara labari

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan ajujuwan koyon rubutu da ake buɗewa a WhatsApp, saboda na ji wasu manyanmu na cewa wasan yara ne da ɓata data, ni kuma abin da na gani daban ne.

Shekara uku ina rubuta labari a waya ina turawa guruf-guruf, kullum dai amsar ɗaya ce, "Anti Allah ƙara basira", "muna jiran feji na gaba", sai hoton fulawa da zuciya. Kaina ya kumbura na zata na gama iyawa. Sai bara da na ce bari in gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara tun 2016 don mata zalla, su kuma ƙa'idarsu kalma 1,000 zuwa 1,500 ce, ni da na saba jan labari har feji tamanin sai na rasa ta inda zan kama, shi ne wata ƙawata a Tudun Wada ta saka ni a wani aji.

Dokar ajin ce ta fara ba ni haushi. Ba ki da damar tura naki sai kin karanta na mutum biyu, kuma an hana cewa "ya yi daɗi" kawai, sai kin faɗi wane waje ne ya yi daɗin kuma me ya sa. Ranar da aka zo kan nawa ina kicin ina tuƙa tuwo, wata yarinya daga Zariya da ba ta kai ƙanwata ta biyu ba ta turo saƙon murya na minti bakwai, wai Anti kin cinye kalma 400 kina lissafa kayan lefe da kujerun falon Alhaji har yanzu ba mu san me ke damun amaryar ba, ga shi kina raba "yana" kina haɗe "shi ne", sannan ba kya saka ƙugiya. Ta ciro min inda na rubuta "Hajiya ta yi baki" alhali baƙi nake nufi, masu zuwa ziyara. Wallahi sai da tuwon ya kama, kwana biyu ban ce uffan a ajin ba. Da na huce na cire lefen gaba ɗaya, sai ga labarin ya miƙe. Ban ci gasar ba, amma a karon farko mijina ya karanta abin da na rubuta har ƙarshe bai yi gyangyaɗi ba.

Kuma ai ba yau aka fara ba, Abubakar Imam da muke tinƙaho da shi ma zama ya yi da Baturen editansa Rupert East a Zariya ana bin rubutunsa ana gyarawa, marubutan Kano ma sai da suka haɗu a ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Bambancin kawai yanzu matar aure a Rigasa ko Kawo ba sai ta nemi izinin fita da kuɗin Keke ba.

Amma fa akwai ɓata-gari. Kafin wannan na taɓa biyan dubu uku a wani ajin, aka turo mana darasi biyu da ka gani ka san kwafowa aka yi, sati na uku admin ya rufe guruf ya yi layar zana. Wasu kuma tsoron turawa suke kar a sace musu labari a canza sunan jaruma a sayar.

Shi ya sa nake roƙon 'yan ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA, reshen Kaduna da malaman Hausa na jami'o'inmu su riƙa leƙo mu ko da sau ɗaya a wata ne, mu san ajin da za mu amince da shi. Ku ma Malam Edita in da hali ku ware mana rabin shafi, a buga gajeren labarin sabon marubuci tare da gyaran da aka yi masa a gefe. In ba a samu mai fara bayarwa ba, nawa na nan da jan birona a kai.

Taku,
Wata mai koyon rubutu,
Rigasa, Kaduna.