Wasiƙa Zuwa Yamai a Kan Makarantar Takwarana

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya Yamai, yaya aiki, yaya zafi? Mu nan Kano lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, kuma da gangan na ƙi amsa maka ta waya, don maganar makarantar takwarana ta fi ƙarfin hirar minti biyar. Gara in rubuta, ku zauna kai da mahaifiyarsa ku karanta a tsanake.

Ka ce makarantu uku ne a gabanka, duka na jeka-ka-dawo. Akwai ta ƙasa da ƙasa, wadda komai da Turanci ake yi, kuma 'ya'yan ma'aikatan jakadanci da na ƙungiyoyin agaji ne suka fi yawa a cikinta. Akwai ta kuɗi da ke kusa da unguwarku, wadda ta rubuta a bango cewa da Faransanci da Turanci take koyarwa. Sai Faranko-Arab, mai koyarwa da Faransanci da Larabci, wadda uwargida ta fi so. Don kada in ja ka da nisa, ni ta biyun na zaɓa masa, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne zai sa wasiƙar ta yi tsawo.

Kafin ka tambayi kowace makaranta komai, ka tambayi kanka yaushe za ka dawo gida. A Nijar firamare shekara 6 ce, daga CI zuwa CM2, sai kolej shekara 4 a rubuta BEPC, sai lise shekara 3 a rubuta Bak, jimla 13. A nan kuwa 6 ce, da 3, da 3, sannan WAEC ko NECO, sannan JAMB. Yaron da ya tsallako yana firamare, matuƙar yana da Turanci, zango ɗaya ya ishe shi ya saje da 'yan ajinsa. Wanda ya tsallako ba Turanci shi ne abin tausayi. A shekarun da na yi ina koyarwa a makarantun kuɗi na karɓi yara daga Maraɗi da Damagaram, masu kaifin ƙwaƙwalwa, lissafi a kansu kamar me, amma dole aka mayar da su aji ɗaya baya saboda ba sa iya karanta tambayar da ke kan takarda. Hatta yadda ake shimfiɗa lissafin rabawa a tsarin Faransa daban ne da namu, kuma inda muke sa ɗigo a cikin lamba su waƙafi suke sawa. Malamin da bai san haka ba sai ya ja wa yaro jan biro alhali amsarsa daidai ce. Tunda kai da bakinka ka ce ba ka ganin za ka tsufa a Yamai, Turanci ya zama dole ga yaron nan. Faransanci ma dole ne, don a garin yake zaune, kuma babu wanda ya san ko shekarun da kake lissafi za su ninka.

To, ga sharaɗin. Rubuta “harsuna biyu” a bango abu ne mai sauƙi, fenti kawai yake ci, kuma ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka je ka ce a nuna maka jadawalin aji ɗaya na mako guda, wanda ke manne a bangon ajin, ba wanda ke cikin takardar talla ba. Ka ƙirga awoyin kowane harshe. Idan Turanci darasi ne guda da ake shiga sau biyu ko uku a mako, a rera waƙa a ƙirga ɗaya zuwa goma a fita, to makarantar Faransanci ce mai darasin Turanci, kuma bai kamata ka biya ta kuɗin harsuna biyu ba. Ta gaskiya ita ce wadda ake koyar da wasu darussa sukutum da harshe na biyun, a ce kimiyya ko lissafi, ko a raba yini, safe da wannan, rana da wancan, kowane da malaminsa. Ka tambayi kuma da wane harshe ake fara koya wa yaro haɗa baƙi. Wannan tambayar tana da nauyi. Haruffan Faransanci da na Turanci iri ɗaya ne a ido, amma sautinsu ya sha bamban, kuma yaro ɗan shekara 6 da aka ɗora wa duka biyun lokaci guda ba tare da tsari ba yakan shekara biyu yana cakuɗa su. Makarantar da ta san aikinta za ta ba ka amsa nan take, ta ce da wane ake farawa, kuma a wane aji na biyun ke shigowa a rubuce. Wadda ta tsaya inda-inda, ka san inda ka dosa.

Sai malamin ajin. Wallahi, aminina, da za a ce in zaɓa tsakanin gini mai na'urar sanyaya ɗaki da malamar aji ɗaya wadda ta daɗe tana wannan aikin, ba zan yi dogon tunani ba. Ka nemi a haɗa ka da wanda zai riƙe ajin takwarana. Ka yi masa magana da Turanci, uwargida ta gwada na Faransancin tunda ta fi ka jin sa. Ka tambaye shi shekararsa nawa a makarantar. Inda malamai ke sauyawa kowane zango, galibi albashi ne ba ya zuwa a kan lokaci, kuma yara ne ke biyan wannan bashin. Ka buɗe littafin rubutun wani yaro ka ga ko ana duba aikin da gaske, ko kuwa sa hannu kawai ake yi. Ka kuma ƙirga kawuna a ajin da idonka.

Akwai abin da ke ruɗin iyaye, kuma na ga ya ruɗi masu ilimi da yawa. Bayan 'yan watanni yaro zai dawo gida yana zuba Faransanci ko Turanci da 'yan'uwansa, sai a ce ai ya iya. Wani masanin ilimi a Kanada, Jim Cummins, ya daɗe da nuna cewa yaro yakan kama harshen hira cikin shekara 1 zuwa 2, amma harshen karatu, wanda da shi ake fahimtar littafi a kuma rubuta bayani, yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. A cikin wannan tsakanin ne yara da yawa ke ɓata ba a sani ba. Suna kwafa daga allo, suna haddacewa, suna cin jarrabawar aji, amma in ka ce su faɗa maka da bakinsu abin da suka karanta sai su yi shiru.

Shi ya sa nake roƙonka abu ɗaya, ko wace makaranta ka zaɓa: ka koya masa karatun Hausa a gida. Rubutun boko na Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro mai shekarunsa zai kama shi cikin ɗan lokaci, kuma daga ranar da ya gane cewa baƙaƙen nan magana ce da ya riga ya sani, ya gane sirrin karatu gaba ɗaya. Wannan fahimtar ita zai ɗauka ya shiga da ita Faransanci da Turanci. Ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara firamare gaba ɗaya da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin. Nijar ɗin da kake zaune ma ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, sannan a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Mu a nan, a 2022 gwamnati ta amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma aka soke aka koma Turanci. Ka ga ke nan gwamnatoci na iya juyawa, amma abin da ake yi a tsakar gidanka a hannunka yake. Ka tambayi makarantar kuma me ake yi wa yaron da ya yi Hausa ko Zabarmanci a filin wasa. Idan ana cin sa tara ko ana kunyata shi a gaban 'yan'uwansa, ni dai ba zan kai ɗana can ba. Mun sha wannan muna yara, kuma abin da ya koya mana shi ne yin shiru a aji.

Game da ta ƙasa da ƙasa, ban raina ta ba. Littattafai za su wadata, ajin ba cunkoso, Turancinsa zai yi kyau. Amma ka fara tabbatar da sunan. Makarantar da ke shirya yara wa IGCSE, jarrabawar sakandare ta tsarin Birtaniya, ka duba ko tana da rajista da hukumar jarrabawar, irin su Cambridge, mai tsarin karatun ƙasa da ƙasa na IB kuma, wanda aka kafa a Janiba a 1968, sunanta yana cikin jerin da hukumar ke wallafawa a intanet. Dubawa ba ta kai minti goma ba. Sannan ka yi lissafin kuɗin har ƙarshe, ba na bana kaɗai ba, don yana hawa ne yadda aji ke hawa, ga kuɗin rajista, ga na mota, ga na abinci, ga na jarrabawa. Kana da ƙannensa biyu a baya. Abin da ba za ka iya yi wa ukun ba, ka yi tunani sosai kafin ka yi wa ɗaya, saboda adalci tsakanin 'ya'ya, kuma cire yaro daga irin wannan makaranta a tsakiyar hanya don kuɗi sun gaza yana taɓa zuciyarsa fiye da yadda ake zato.

Abin da ya fi damuna da ita kuwa shi ne igiyarta a wata ƙasa take ɗaure. Kai ne ganau. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 da rufe ofishin jakadancin Faransa a farkon 2024, ka ga yadda iyayen da suka dogara da makarantar Faransa suka shiga neman mafita. Kafin nan ma, bayan yunƙurin juyin mulkin Turkiyya a 2016, makarantun Turkawa na Nijar sun koma hannun gidauniyar Maarif ta gwamnatin Turkiyya. Rigimar da ba ta shafi yaro ba sai ta sauya masa malamai da manhaja. Ga kuma abokan aji da ke tashi duk shekara biyu ko uku in an sauya wa iyayensu wurin aiki. Ba na son takwarana ya girma a Yamai ya bar ta ba shi da aboki ɗan gari ko ɗaya, ba ya iya ciniki a kasuwar Wadata.

Ita kuma uwargida, kada ka yi watsi da maganarta. Faranko-Arab tsari ne mai asali, tun makarantar Say ta 1957, ya kuma fitar da malamai da ma'aikata masu yawa, wasu sun wuce jami'ar Musulunci ta Say, wasu Azhar. Da a ce a Nijar za ku dawwama, da na saurare ta da kunne biyu. Matsalar ita ce yaron zai dawo Kano da Faransanci da Larabci, Turancin da zai rubuta WAEC da shi kuma ya yi ƙaranci. Abin da take tsoro tarbiyya ce da Alƙur'ani, kuma tana da gaskiya. Amfanin jeka-ka-dawo ke nan: yamma taku ce, Asabar da Lahadi naku ne. Ku samo masa Islamiyya mai kyau ko malami ya riƙa zuwa gida, ku kuma tabbatar lokacin tashin makarantar ya bar masa sararin cin abinci da ɗan barci kafin nan. Wannan ma wani dalili ne na son ta kusa. Yaron da za a tasa tun asuba, a bi da shi ta cunkoson gadar Kennedy, a dawo da shi cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ba abin da zai iya haddacewa da la'asar. Ka tambaya ko akwai wurin salla, da ruwan sha, da yanayin banɗaki, da kuma wanda ke tsayawa a ƙofa lokacin ɗaukar yara.

Idan ka je ka tarar ta biyun fenti ce kawai, kada ka yi tsalle zuwa mai tsadar don haushi. Ka nemi makarantar Faransanci mai malamai na gari kusa da gida, ka ɗaukar masa mai lesin na Turanci, kai kuma ka riƙa karanta masa littafi da dare. In an yi dogon hutu ka turo mana shi, tunda ku sai Oktoba kuke komawa mu kuma Satumba, zan sa shi a aji tare da nawa na 'yan makonni ya ji yadda ake yi a nan.

Ka je ranar karatu, ba ranar da suka gayyaci iyaye ba, kuma ka tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi ka yi hira da iyaye biyu ko uku waɗanda 'ya'yansu suka kai aji huɗu ko biyar. Ka ɗauki hoton jadawalin da na takardar kuɗin ka turo mini ta WhatsApp in duba kafin ka biya ko sisi. Zan ba direban da ke zuwa Maraɗi littattafan koyon karatun Hausa na 'yan aji ɗaya, ka sa wani ya karɓa maka a tasha.

Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. Hajiya tana gaishe ku, ta ce a faɗa maka tana jiran ku da Babbar Salla.

Wassalam.

Naka,
Amininka na Kano