Rahoton ayyukan kungiya na shekarar 2024, daga sakatare

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu dattawa, mai girma shugaba, yan kwamiti da sauran yan uwa maza da mata, barkanmu da ganin karshen shekara lafiya. Wannan rahoton kungiyarmu ce ta unguwa a nan Zariya, mai neman izinin filin bayan kwatas din reluwe domin a mayar dashi wurin kwallo da tattaki da wasan yara. Nasan rahoton ya makara da sati uku, kuma dalili shine ina ta jiran wadanda suka ce min "gobe zan turo" su turo domin lissafi ya fita da kyau, toh goben bata zo ba, shi yasa na rubuta shi a yadda yake.

Taron wata-wata munyi tara cikin goma sha biyu, daya azumi ya cinye, biyu kuma bamu kai adadin da za'a zauna ba.

Bari in fara da kudi tunda shine ciwon. A littafi muna da mamba 86, kowa naira 500 a wata kamar yadda ku da bakinku kuka yanke, wato da kowa ya biya da mun tara naira 516,000. Abinda ya shigo hannun ma'aji naira 187,500 ne. Mutum 23 ne suka biya nasu cif, 31 sun biya wani abu sun tsaya, 32 kuma ko sisi, kuma cikin 32 din nan akwai wadanda duk wanda ya bude guruf dinmu na WhatsApp zai dauka su ne suka kafa kungiyar saboda yawan shawara. Gudunmawar da aka tara ranar zana fili, wato ranar da muka share filin muka zana tsarinsa a kasa da toka, naira 95,000, jimla 282,500. Mun kashe 110,000 a hidimar ranar, 48,000 dashen itatuwa da kayan shinge, 40,000 kafin alkalami na bencina, 36,000 zuwa Kaduna sau biyu, 14,500 buga takardu da kwafe-kwafe. Saura naira 34,000 a asusu. Rasit na nan a wurin ma'aji duk mai so yazo ya duba, har wanda bai biya ba mun yarda ya duba.

Yanzu maganar da kowa ke tare ni da ita a bakin masallaci da wajen daurin aure, "sakatare ina takardar filin?" Na sha bayani amma zan sake a rubuce domin kada a kara cewa kwamiti na boye wani abu. Filin nan na bayan kwatas din reluwe ba na mai unguwa bane, ba na karamar hukumar Sabon Gari bane, ba ma na gwamnan jiha bane balle ace muje mu samo wani babba ya yi mana magana. Dokar filaye ta 1978 ta danka kasar kowace jiha a hannun gwamna, gaskiya ne, amma ta ware filayen da suke hannun gwamnatin tarayya da hukumominta, kuma filin jirgin kasa yana cikinsu. Don haka babu maganar a bamu kyauta ko a sayar mana, abinda muke nema shine izinin amfani ko haya na wasu shekaru, da sharadin bazamu yi gini na dindindin ba kuma duk ranar da masu fili suka bukaci abinsu mu tashi. Ga shi ana aikin sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano wanda aka kaddamar a 2021 kuma ta Zariya zai bi, ai kunga babu jami'in da zai sa hannu a kan filin jirgi a garin nan bai san iyakarsa daga ina zuwa ina ba, ni ma da nine a kujerar bazan sa ba.

Mun je ofishin masu filin a Kaduna sau biyu ni da shugaba da mataimakiyarsa. An karbe mu da mutunci, an karbi wasikarmu an buga mana hatimi a kwafi, aka ce mu dawo da abu uku: takardar rajistar kungiya, wasikar goyon baya daga masu unguwanni, da taswirar safiyo mai lasisi wadda ta nuna fadi da tsawon wurin da tazararsa da layin da yake aiki. Biyun farko suna cikin fayil tun watan Mayu. Na ukun ne ya tsaya, safiyo ya ce naira 250,000 bayan ya yi mana ragi saboda aikin al'umma ne. Ku dauki biro ku cire 187,500 daga 516,000 zaku ga bashin da ake bin mambobi 328,500 ne, wato kudin taswirar har da canji yana cikin aljihunku. Saboda haka wanda ya ce kwamiti ya kwanta da takarda dan Allah ya fara duba katinsa. Wani dan uwa ya ce ai mu auna da kanmu da tef mu zana, munyi, amma wannan zanen na mu ne na cikin gida, ofis baya karbarsa.

Toh bari in huta da korafi in zo kan abinda ya faranta min rai a shekarar nan, ranar zana fili da muka yi a watan Yuli. Wallahi ko ba'a yi komai ba a 2024 wannan ranar ta isa. Wadanda basu zo ba sun yi asara. Tun bayan sallar asuba matasan kungiyar kwallo suka fito da adda da lauje da manjagara, masu buga bulo suka ara mana baro hudu da shebur, mai tifa dan unguwarmu ya kwashe bola sawu uku kudin mai kawai ya karba. Kafin hantsi wurin da shekara da shekaru mace bata iya ratsawa bayan magariba saboda ciyawa da yan shaye-shaye ya zama fili fetal har kana hango bangon kwatas daga titi. An kashe maciji biyu, Allah ya kiyaye babu wanda ya ji ciwo sai yaro daya da kwalba ta yanka a kafa kuma an wanke masa an daure.

Dabarar da malamin makarantar nan tamu ya kawo ita ce ta gyara taron. Ya ce kada a zauna a karkashin rumfa ana jawabi ana nuna takarda wadda rabin mutane basa gane ta, a zana komai a kasa da girmansa na gaskiya kowa ya taka da kafarsa. Aka kawo toka buhu biyu daga gidan burodi da igiya da turaku, aka ja filin kwallo, aka ja hanyar tattaki ta zagaye, aka ja wurin wasan yara. Nan fa aka ga amfanin abin, domin a takardarmu ta kwamiti mun ajiye lilon yara a kusurwar gabas, sai wata Hajiya daga cikin iyayenmu mata ta taka har wurin ta tsaya ta ce "ku zo nan ku tsaya inda nake, daga nan wace uwa ce zata hango danta? kuma ga kwata a baya." Shiru muka yi. Mu bakwai mun zauna sau hudu a kan takardar nan babu wanda ya lura. A take aka share tokar da tsintsiya aka dawo da wurin yara kusa da bakin hanya inda mata masu awara da masara suke zama. Haka masu gini suka nuna mana inda ruwa yake kwanciya duk damina, ashe tsakiyar filin kwallon namu ne, aka matsar dashi sama.

An dan yi zafi a kan shaguna. Wasu na ganin a jera shago goma a bakin titi kungiya ta rinka samun haya, har wani ya ce da haka ma an huta da bin mutane kudin wata, kuma gaskiya wannan maganar ta taba ni. Amma dattawa suka ce duk filin da aka fara da shago daya a garin nan kowa ya san karshensa, kuma sharadin izinin da muke nema ma ya hana. Aka daga hannu, masu cewa a bar shi fili suka yi rinjaye nesa ba kusa ba. Masu sayar da itace da makanikan da suka dade a gefen yamma mun zauna dasu a gaban mai unguwa, ba korarsu muka zo yi ba mu ma baki ne a wurin, an bar masu gefensu su kuma sun dauki alkawarin daina zubar da bakin mai a cikin fili, kuma zuwa yanzu sun cika.

Bayan azahar aka ci dafa-duka da mata suka dafa, sannan aka baiwa Baba tsohon ma'aikacin reluwe lasifika aka ce minti biyar, ya yi kusan arba'in babu wanda ya motsa. Ya ba yara labarin yadda jirgi ya iso Zariya a 1911 a hanyarsa ta zuwa Kano, da yadda aka ja reshe ya bi Funtuwa da Gusau har Kauran Namoda a 1929, da karamin jirgin nan mai siririn layi, fadinsa kafa biyu da rabi, wanda yake tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau Jos ya dauko kuza, har aka rufe shi a 1957 lokacin shi Baban yana yaro mahaifinsa na aiki a tasha. Ya kwaikwayi kukan jirgin yara suka fashe da dariya. Sai ya ja mu ya nuna mana wasu karafa da suka rage a cikin kasa wadanda yan jari bola basu kai ga hakewa ba, ya ce don Allah kada a cire su a bar wa jikoki su gani. An sa wannan a cikin tsari, hanyar tattaki zata bi ta gefensu. Da la'asar aka buga kwallo tsakanin masu aure da samari a kan layin toka, samari suka ci uku da daya, shugaba ya buga minti goma ya nemi canji.

Muna godiya ga mai unguwa, ranka ya dade, da limaman da suka yi sanarwa, da matan da suka kwana suna gyaran shinkafa wadanda da yawansu ma ba mambobi bane.

Itatuwa. Mun dasa 120, darbejiya da mangwaro da zogale, yau da na zaga na kirga 41 ne a raye. Kafin a ce kwamiti ya yi sakaci, mun raba jadawalin ban ruwa gida-gida kowa ya sa hannu, damina na daukewa a Oktoba mutum hudu ne suka ci gaba da zuwa da jarka. Sauran kuma awaki, kuma awakin nan ba daga wata unguwa suke zuwa ba, na san masu su kuma wasunsu suna karanta wannan rahoton. Kudin da muke dashi kwando 50 kawai ya iya yi mana na kariya, kusan duk wadanda suka rayu masu kwandon ne.

Bencina shida da muka ce za'a zuba na siminti, biyu aka gama. Lokacin da muka yi kiyasi a karshen 2023 farashi daban ne, farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma kowa shaida ne, magini ya ce ko a kara kudi ko a rage benci, babu abin karawa sai aka rage. Ba cinye kudin ya yi ba kamar yadda naji ana yadawa. Fitila mai sola bamu ma fara ba. Zuwa Kaduna na uku mun dage shi saboda babu amfanin kona kudin mota litar fetur ta haura dubu muje hannu rabbana babu taswira.

Masu cewa shekara uku ana abu daya, dan wajen ma'aji ya nuna mana a waya wani wurin shakatawa a birnin New York na Amurka da ake kira High Line, tsohon layin jirgin kaya ne a sama wanda jirgi ya daina bi tun 1980, mazauna unguwar mutum biyu suka kafa kungiya a 1999 domin kada a rushe shi, ba'a bude kashin farko ba sai 2009. Shekara goma, a kasar da kudi yake. Ban kawo wannan don in ce mu ma mu kai goma ba, Allah ya kiyaye, ni dai bazan kai ba.

Abinda ke gabanmu a 2025 kwamiti ya takaita shi, taswirar safiyo kafin azumi, komawa Kaduna da fayil cikakke, maye itatuwan da suka mutu idan ruwa ya sauka amma wannan karon ba za'a dasa ko daya ba sai da kwandonsa. Kwamiti zai kuma kawo shawarar duk wanda bashinsa ya wuce wata shida ya rasa kuri'a har sai ya biya, ku zo a tattauna kada a yanke a bayanku ku dawo kuna cewa ba'a fada maku ba. Wanda da gaske bashi da hali ya same ni ko ma'aji a kebe, muna da mutum biyar da aka yafe wa kuma babu wanda ya ji sunansu.

Wa'adina ya kare a babban taro mai zuwa, Lahadin farko ta watan gobe bayan la'asar a makarantar da muka saba, kuma na fada wa shugaba bazan sake tsayawa ba, shekara uku ina bin mutane kofa-kofa har yara na ganina suna cewa ga mai karbar kudi nan. Littafin mambobi da fayil din Kaduna da zanen ranar toka duk suna hannuna a shirye zan mika. Kowa ya zo da katinsa. Sannan shebur biyu na masu bulo da manjagara daya da suka bata tun ranar Yuli, duk wanda suke gidansa ya aiko yaro ya ajiye a shagon ma'aji, ba za'a tambaye shi komai ba.

Wassalam,
Sakatare