A Fara Horon Ƙirƙirarriyar Basira Daga Kwalejojin Ilimi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin da ke kula da horar da malamai kan wani al'amari da ƙasashe da dama suka duƙufa a kansa, wato shigar da ƙirƙirarriyar basira (AI), fasahar da ke sa na'ura ta kwaikwayi tunanin ɗan Adam, cikin karatun masu koyon aikin malanta.

Tun daga watan Nuwamban 2022 da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT, duk ɗalibin da ke riƙe da waya mai intanet yana iya sa na'ura ta rubuta masa insha'i ko ta warware masa lissafi nan take. Abin ya zo wa makarantu ba shiri, domin binciken da UNESCO ta yi a 2023 a makarantu da jami'o'i sama da 450 ya nuna cewa waɗanda suka shimfiɗa ƙa'ida kan amfani da wannan fasaha ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A watan Satumban 2024 hukumar ta fitar da jerin ƙwarewa 15 da ya kamata malami ya mallaka, ta kasa su gida biyar, kuma abin da ta sa a kan gaba shi ne hukunci ya ci gaba da zama a hannun mutum, sai ɗa'a da riƙon amana, kafin ta zo kan sanin yadda na'urar take aiki da yadda za a yi koyarwa da ita.

Kowace ƙasa da hanyar da ta bi. Estoniya ta fara shirinta a 2025 da horar da malaman manyan azuzuwan sakandare tare da buɗe wa ɗalibansu damar amfani da fasahar. A Amurka, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin malamai ta kafa cibiyar horo a watan Yulin 2025 da tallafin dala miliyan 23 daga Microsoft da OpenAI da Anthropic, da nufin horar da malamai 400,000 cikin shekara biyar. Sai dai mai hankali ba zai rasa tambayar ko mai sayar da kaya shi ne ya fi cancanta ya koya wa mai saye gane aibin kayan ba. Koriya ta Kudu kuwa, duk da arzikinta da ƙarfin intanet ɗinta, ta shigar da littattafan karatu masu aiki da wannan fasaha a watan Maris na 2025 a darussan Turanci da lissafi da kwamfuta, malamai da iyaye suka yi ta ƙorafin cewa an yi gaggawa, kuma a watan Agusta majalisar dokokin ƙasar ta cire musu matsayin littafin karatu, ta mayar da su kayan taimako kawai. Kuɗi da na'urori ba su wadatar ba a inda malami bai gamsu ba.

Muna da namu misali a gida. A tsakiyar 2024 an yi gwaji na mako shida a birnin Benin na jihar Edo da haɗin gwiwar Bankin Duniya, inda ɗaliban sakandare suka riƙa koyon Turanci da na'urar bayan an tashi makaranta, kuma masu binciken sun ba da rahoton cewa sun zarce takwarorinsu da ba su shiga ba. Abin da masu yayata labarin kan tsallake shi ne, akwai malami a ɗakin, shi yake ɗora yaran kan hanya, yana kuma faɗakar da su cewa na'urar takan shirga ƙarya da cikakken ƙwarin gwiwa.

Irin wannan malami ba taron bita na kwana biyu a otal ne zai samar da shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka aikin na kwalejojin ilimi ne, inda ɗalibi yake shekara uku kafin ya karɓi shaidar malanta ta NCE. Shawarata ita ce a darasin dabarun koyarwa a riƙa ba ɗalibi shirin darasin da na'ura ta rubuta, a ce ya ɗauki jan biro ya gyara shi, ya gwada shi da manhajar karatu ta ƙasa, ya kuma faɗi ko zai yiwu a ajin da yara suka yi maƙil kuma babu komai sai allo da alli. A ba shi maki a kan kurakuran da ya gano. Wannan zai tilasta masa sanin darasin kansa, domin wanda bai iya lissafi ba, ba zai taɓa kama kuskuren na'ura a lissafi ba.

Lamarin ya fi tsanani ga masu koyar da Hausa da addini. An gina waɗannan na'urori ne a kan rubutun da ke intanet, wanda kason Hausa a cikinsa ƙanƙane ne, shi ya sa sukan ƙago karin maganar da Bahaushe bai taɓa faɗa ba, su rikita namiji da mace a jimla, ko su kawo magana su ce hadisi ne alhali ba ta cikin kowane littafi. Malamin da bai saba komawa ga asali ba zai kwashi wannan ya rubuta a allo, yara su haddace. Haka kuma ya kamata a koya masa cewa zuba sunayen yara da sakamakonsu cikin na'urar wani kamfani abu ne da dokar kare bayanai ta 2023 ta shafa.

Ina kira ga Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa da ta sanya wannan horo cikin ƙa'idojin karatun da take shimfiɗa wa kwalejoji, TETFund kuma, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ta fara da horar da malaman kwalejojin su kansu, tunda da yawansu ɗalibansu sun riga su sanin na'urar. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta ɗauki nauyin waɗanda suka riga suka kama aiki. Sannan a rage makin da ake bai wa rubutaccen aikin gida, a ƙara na gwajin koyarwa, inda mai duba zai zauna a bayan aji ya ga ɗalibin yana amsa tambayar yaro da bakinsa.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna.