Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamna Caleb Mutfwang: A Ɗauki Masu Kula da Wasan Yara a Unguwannin Jos

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kukan yaran Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo da Tudun Wada na kawo maka. Filayen da suke wasa a da, wasu an yanka an yi shaguna, wasu sun zama juji ko tashar Keke. Yau yaro a bakin titi yake buga ƙwallo, ko ya gangara rafin Dilimi. Wajen Bukuru da Rayfield kuwa ga tafkunan da haƙar kuza ta bari, waɗanda sun sha cin rayuka. Uwar da ta san haka sai ta kulle ɗanta a ɗaki da waya a hannu, kuma ban ga laifinta ba.

Ba sabon wurin shaƙatawa nake roƙo ba. Gidan zu yana nan, amma sai da kuɗin mota da na shiga, talaka ba ya kai 'ya'yansa sai da Sallah ko Kirsimeti. Mutane nake roƙo: samari da 'yan mata da iyaye mata da za a horar, a riƙa biyansu, su je su sami yara a inda suke.

Aikinsu ba koyarwa ba ne, ba kuma riƙon bulala ba. Bayan la'asar su iso fili da tsofaffin tayoyi da igiya da kwalaye da akwatin magani, su tsince kwalabe da ƙusoshi, sannan su ja gefe. Yara ne za su zaɓi abin yi, ko langa, ko carafke, ko gaɗa, ko ƙera mota da gwangwani. Babba yana nan ne don ya raba faɗa, ya lura da baƙuwar fuska, ya hana manyan yara ƙwace fili, ya jawo gurgu da kurma cikin wasa. Kasancewarsa ce za ta sa uba ya yarda 'yarsa ta fita, don 'ya'ya mata ne aka fi tsarewa a gida. A Kofenhagen ta ƙasar Denmark an gwada haka tun 1943, da fili da tarkace da babba guda, daga baya Ingila ta ɗauka.

Wannan hakki ne. Sashe na 12 na Dokar Kare Hakkin Yara ta 2003 ya ba yaro 'yancin hutu da wasa, Filato kuma ta amince da tata dokar a 2005.

Ranka ya daɗe, tun rikicin Satumbar 2001 garin nan ya rabu, Musulmi can, Kirista can. Akwai yaran da suka girma ba su taɓa cin kwano ɗaya da ɗan ɗaya ɓangaren ba, abin da ke ci mini rai ke nan. A haɗa ma'aikata biyu-biyu, Musulmi da Kirista, a ajiye su a filayen da ke kan iyakar unguwanni, da sanin masu unguwa da limamai da fastoci.

A fara da filayen makarantun firamare na gwamnati da ke zama wayam bayan an tashi. A hana hukumar raya birnin Jos ba da izinin gini a kan sauran filayen unguwa, a kuma sa albashin ma'aikatan nan cikin kasafin kuɗin baɗi.

Wassalam.

Wata uwa, malamar firamare, daga Rikkos, Jos